Ba kowane miskili ne ya zaɓi miskilanci ba: gane alamomin otizim a manya

A kusan kowace unguwa akwai mutum irin wannan. Ya haura shekara arba'in, yana da ɗan shagon gyaran rediyo da fanka a bakin titi, kuma kowa ya san idan abu ya gagari sauran masu gyara, wurinsa ake kawowa. Ƙarfe takwas daidai yake buɗe shago. Filaya da sukundireba kowanne da mazauninsa a kan tebur, idan yaron shago ya kuskura ya sauya musu wuri, ranar ba za a sha da daɗi ba. Ka gaishe shi, zai amsa maka ina kwana, ina gajiya, ina iyali, idonsa na kan wayoyin da yake haɗawa, daga nan sai shiru. Amma ka tambaye shi me ya lalace a fankarka, sai ya kwashe minti ashirin yana yi maka bayanin kwandensa da kwayil. Kana duba agogo, kana gyara tsayuwa, kana cewa "to madalla, to shi ke nan", shi kuwa bai ga alamar kana son tafiya ba. Ba ya zaman majalisa. Yana zuwa ɗaurin aure, amma da an shafa fatiha ka neme shi ka rasa. 'Yan unguwa sun daɗe da yanke masa hukunci. Wasu su ce miskili ne, wasu su ce girman kai ke damunsa, masu sassauci su ce haka Allah ya yi shi.

Masu sassaucin nan sun fi kowa kusa da gaskiya, ko da ba su san sunan abin ba. Wasu daga cikin waɗanda muke wa laƙabin miskili, ko bahago, ko murɗaɗɗe, suna rayuwa ne da yanayin da likitoci ke kira otizim. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun farkon rayuwa, yana shafar yadda mutum ke cuɗanya da jama'a, da yadda yake jin ƙara da haske da wari, da yadda yake ɗaukar sauyi. A kafafen labarai akan fassara shi da galahanga, kuma ina ganin wannan fassarar tana cikin abubuwan da suka rufe mana ido. Da an ce galahanga, abin da ke zuwa zuciyar Bahaushe shi ne yaron da ba ya magana, ba ya iya riƙe kansa, sai an ba shi abinci a baki. Gaskiya ne akwai masu otizim da ke buƙatar kulawa mai nauyi har ƙarshen rayuwarsu, kuma wahalar iyayensu sai wanda ya gani. Amma suna suka tara. A ƙarƙashin sunan nan akwai malamin lissafi, akwai tela, akwai mahaddacin Alƙur'ani, akwai matar aure mai 'ya'ya biyar. Su ne ba a gani, saboda suna magana, suna neman na kansu, sun yi aure.

Tarihin abin shi ya jawo haka. A 1943 wani likita a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, Leo Kanner, ya wallafa bayanin yara 11 masu wannan yanayi. A 1944 Hans Asperger ya rubuta nasa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, kan yara masu kaifin basira da magana kamar ta manya amma ba su iya zama da tsaransu ba. Tun a 1925 wata likita a Mosko, Grunya Sukhareva, ta riga su duka, sai dai duniya ba ta waiwayi aikinta ba sai bayan shekaru masu yawa. An ɗauki lamarin a matsayin larurar yara da ba kasafai ake samunta ba, har aka yi zamanin da ake ɗora wa iyaye mata laifi, wai rashin nuna ƙauna ne ya jawo, maganar da bincike ya rushe daga baya. Sai da Lorna Wing, wata likitar ƙwaƙwalwa a Ingila wadda 'yarta ke da otizim, ta dage a kan cewa abin yana da faɗi kuma hawa-hawa ne. Rubutunta na 1981 ya farfaɗo da aikin Asperger. A 1994 nau'in da aka sa wa sunansa ya shiga kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, a 2013 kuma aka haɗe nau'o'in duka ƙarƙashin suna ɗaya. Ke nan wanda aka haifa a shekarun 1960 ko 1970 ya gama makaranta kafin a faɗaɗa komar, ko da a Landan yake, balle a Funtuwa ko Maraɗi.

A Amurka hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙiyasta yaro 1 cikin 150 a shekarar 2000, a rahotonta na 2025 kuwa 1 cikin 31, kuma babban abin da ya kawo hawan shi ne faɗaɗa ma'auni da ƙaruwar masu dubawa. Binciken da ya fi shafar maganarmu shi ne wanda Traolach Brugha da abokan aikinsa suka wallafa a 2011. Sun bi gida-gida a Ingila suna auna manya, suka sami kusan mutum 1 cikin 100, yawan a tsakanin dattawa bai yi nisa da na matasa ba, kuma akasarinsu ba su taɓa sanin suna da shi ba. Yaron da ke da otizim ba ya rabuwa da shi ranar da ya tsayar da gemu. Yana koyon dabarun zama da mutane ne kawai, wani ya iya, wani ya kasa.

Likitoci suna duba ɓangarori biyu. Na farko mu'amala da sadarwa, na biyu son maimaici da tsari da kuma yadda jiki ke karɓar abin da ya gani ko ya ji. Sai dai jerin alamomin da ake karantawa a intanet an gina shi a kan ɗabi'un Turawa, kuma wanda ya kwaso shi ya ɗora a kan Bahaushe kai tsaye zai yi kuskure ta fuska biyu: ya zargi mai lafiya, ya tsallake mai lalurar.

Ɗauki maganar haɗa ido. A can, wanda ba ya kallon idon mai yi masa magana an ga alama. A nan kuwa tarbiyya ce. Yaron kirki ba ya zuba wa mahaifinsa ido, suruki yana sunkuyar da kai, amarya ba ta ɗaga fuska. To ta ina za a bambance? Mai kunya ya san inda kunya take aiki. Yana sunkuyawa a gaban baffansa, amma da ya koma cikin abokai sai idonsa ya buɗe, fuskarsa ta shiga magana. Mai otizim kuwa kallon ido kansa ne ke yi masa nauyi, a gaban babba da yaro, a gaban aboki da matarsa, wasu suna cewa ba sa iya kallon fuskar mutum su kuma saurari abin da yake faɗa a lokaci guda. Wani kuma an taɓa gaya masa ya riƙa kallon mutane, sai ya ɗauki abin kamar doka, ya kafe ka da ido har ka tsargu.

Inda abin ya fi fitowa fili a wurinmu shi ne zance. Hausa harshe ne na kara da sakaya magana. Rabin abin da muke nufi ba ya cikin kalmomin da muka furta. Ka tarar da mutum yana cin abinci ya ce maka bismillah, ka san cewa amsar ita ce "alhamdu lillahi, a ci lafiya", sai fa in ya matsa sau biyu ko uku. Wanda ya ce "zan duba" sau da yawa a'a yake nufi. Matar da ta ce "ba komai" tana kawar da kai, akwai komai. Habaici, gugar zana, zolayar abokan wasa tsakanin jika da kaka ko tsakanin taubasai, duk sai an karanta murya da fuska da lokaci. Yawancinmu ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana wannan, mun tsince shi ne kamar yadda muka tsinci tafiya. Mai otizim yakan ɗauki magana yadda ta fito. An ce bismillah, sai ya wanke hannu. An ce ba komai, sai ya yarda ya ci gaba da harkarsa, gobe ya tarar an yi fushi da shi bai san dalili ba. Ka tambaye shi ya ya ga sabon ɗinkinka, zai gaya maka wuyan ya karkace, domin tambayarsa ka yi. Sai a ce ba shi da kara, bakinsa ba linzami. Shi kuma a nasa ɓangaren mamaki yake yi yadda mutane ke faɗin abin da ba shi suke nufi ba.

A nan nake son a yi adalci. An daɗe ana cewa masu otizim ba su da tausayi, kuma wannan ƙage ne mai ciwo. Da yawansu suna jin damuwar wani har ta hana su barci, abin da ke ba su wuya shi ne gano ta a fuska idan ba a faɗa ba, da sanin kalmar da ake so su furta. Mutumin da ya zo gaisuwar mutuwa ya kasa cewa komai bayan "Allah ya jiƙan rai", amma washegari ya zo ya gyara famfon gidan ba wanda ya sa shi, ya yi ta'aziyya da harshen da ya iya. Wani masani ɗan Ingila mai otizim, Damian Milton, ya nuna a 2012 cewa rashin fahimtar daga ɓangare biyu yake: yadda suke kasa karanta mu, haka mu ma muke kasa karanta su. Bambancin shi ne mu ne masu yawa, don haka su ake kira masu matsala.

Gaisuwarmu kuma tana taimakawa wajen ɓoye abin. Doguwa ce, amma tsararriya, kowace tambaya da amsarta. Wanda ya haddace ta zai iya wuce minti biyu na farko da kowa lami lafiya. Bayan an gama ina gida ina aiki, aka shiga hirar da ba ta da ƙa'ida, a nan yake tsayawa cak, ko ya ja zancen zuwa abu ɗaya da ya ƙware a kai.

Wannan abu ɗaya shi ne ƙofar ɓangare na biyu. Yana iya zama injin mota, ko tarihin sarakuna da shekarun mulkinsu, ko nahawun Larabci, ko kiwon tantabaru, ko sakamakon wasannin ƙwallo na shekara ashirin. Kowa yana da abin sha'awa, amma nasu yana da zurfin da ke cinye lokaci har a manta da abinci, kuma a cikinsa suke samun hutu. Tare da shi akwai riƙo da tsari: hanya ɗaya zuwa kasuwa, kofi ɗaya, wuri ɗaya a sahu. Baƙon da ya faɗo ba sanarwa, abin da mu muke ɗauka alheri, yana iya hargitsa masa yini guda. Akwai kuma motsin da jiki ke maimaitawa don samun natsuwa, kamar kaɗa ƙafa, murza gefen riga, juya zobe, ko rangaji gaba da baya. Wannan na ƙarshen ba ya ɗaukar hankalin kowa a wurin da yara da yawa suka tashi suna rangaji a kan allo.

Abin da aka fi raina wa muhimmanci, kuma a ganina ya fi wahalar da manya, shi ne yadda jiki ke jin duniya. Sai a 2013 aka shigar da shi cikin ma'aunin ganewa. Ƙugin janareton maƙwabci da kai ka daina ji bayan minti biyar, shi yana jin sa kamar a cikin ƙoƙon kansa har a kashe. Shadda mai sitaci tana cizon fatarsa, shi ya sa yake nanata tsohuwar riga ɗaya ana cewa rowa ce. Yauƙin miyar kuɓewa yana tayar masa da zuciya tun yana yaro. Wani kuma akasin haka ne, ba ya jin yunwa ko zafin ciwo sai abu ya yi nisa. Yanzu ka sa mace mai irin wannan jikin a tsakar gidan biki: lasifika a ƙure, guɗa, hayaƙin turaren wuta, humra iri biyar, leshi mai ƙaiƙayi, kowa na jan hannunta a yi hoto. Tana daurewa awa ɗaya, awa biyu, sai abin ya cika ya tumbatsa. Ko dai ta fashe da kuka da ihu ta toshe kunnuwa, ko ta ɗauke wuta gaba ɗaya, a yi ta magana ba ta amsawa. Nan take za a ce iskokinta sun tashi. Addu'a ba ta taɓa zama laifi ba, amma taruwa a kanta da ɗaga murya da hayaƙi ƙara wa wuta fetur ne. Abin da take buƙata a wannan lokacin ɗaki ne mai shiru, a rage haske, a bar ta ta dawo hayyacinta.

Mata su aka fi tsallakewa. An daɗe ana cewa maza huɗu ne a kan mace ɗaya, amma wani nazari na 2017 da ya tattara bincike masu yawa ya nuna abin ya fi kusa da uku a kan ɗaya, ma'ana akwai matan da ba a ƙirga ba. Yarinya takan koyi kwaikwayo da wuri. Tana kallon yadda ƙawayenta ke dariya ta yi irin tasu, tana shirya abin da za ta faɗa tun kafin ta fita. A wurinmu kuma yarinyar da ba ta son fita, ba ta da surutu, kullum tana ɗaki, yabo take sha: natsattsiya, mai kunya, matar rufin asiri. Asirin yakan tonu bayan aure, musamman a gidan yawa, inda dole ta karanta fuskar uwar miji, ta gane habaicin faccala ko kishiya, ta karɓi baƙi a kowane lokaci. Sai a fara cewa ba ta son dangin miji. Wadda ta iya kwaikwayon sosai kuma tana biya da lafiyarta. Ta dawo daga suna ta kwanta kamar wadda ta yi dakan buhu, ta kwana tana bitar kowace kalma da ta furta. Shekaru suna tafiya, sai fargaba da ciwon damuwa su shigo, a yi ta maganinsu ba a taɓa tushen ba. Wani babban bincike da aka yi a Suwidin aka wallafa a 2016 ya gano haɗarin kashe kai a tsakanin masu otizim ya ninka na sauran jama'a sau da yawa. Wannan kaɗai ya isa a daina ɗaukar maganar da wasa.

Da yawa suna gane kansu ne ranar da aka kai ɗansu asibiti. Likita yana lissafa halayen yaron, uwa ko uba yana jin kamar tarihinsa ake karantawa. Ba abin mamaki ba ne, domin gado ne ke da kaso mafi girma: binciken da aka yi kan mutum sama da miliyan 2 a ƙasashe 5, aka wallafa a 2019, ya kai kason gado kusan 80 cikin 100. Allurar rigakafi kuwa ba ta jawo shi. Rubutun 1998 da ya haddasa wannan jita-jitar an janye shi a 2010, aka kuma soke lasisin likitan da ya jagorance shi.

Kada kuma a koma ɗaya gefen, kowane mai shiru-shiru a liƙa masa suna. Yanzu gajerun bidiyo sun cika waya, mutum ya ji alamomi biyar ya ce ai ni ne. Ƙin taro yana iya zama tsoron idon jama'a, ko ciwon damuwa, ko raunin ji, ko tabon wata azaba da mutum ya sha. Wanda ya tashi da fara'a da abokai, sai a shekara ashirin ya janye, ya fara jin muryoyi ko zargin ana binsa, wannan wata larura ce daban da ke buƙatar likita da gaggawa, haka ma wanda ƙwaya ta sauya. Otizim ba ya faɗo wa mutum da rana tsaka. Zarensa yana komawa har ƙuruciya, yana bin mutum gida da kasuwa da wurin aiki, kuma yana da tsadar da mutum yake biya, ko da a ɓoye. Akwai 'yar gajeriyar tambaya mai jimla 10 da hukumomin lafiya a Ingila ke amfani da ita, wanda ya ci 6 ko fiye akan tura shi a zurfafa bincike. Rariyar tacewa ce kawai, ba hukunci ba.

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna shi, kuma babu maganin da ke cire shi, don haka duk mai tallan kwalbar warkarwa kuɗinka yake so. Abin da ake yi wa magani shi ne abokan tafiyarsa, kamar fargaba, rashin barci, ciwon damuwa ko farfaɗiya. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne a kan mutum sama da miliyan 200, amma ƙofofin suna nan: asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da sashen ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika. Na san nauyin da sunayen nan ke da shi a kunnen mutane, ana jin su sai a ce hauka. Otizim ba hauka ba ne. Mai gyaran rediyon nan, idan rayuwarsa na tafiya daidai, wataƙila ba ya buƙatar takardar kowa, ya ishe shi iyalinsa su riƙa gaya masa magana a fili, su sanar da shi kafin baƙi su zo, su daina tilasta masa zaman biki. Amma wanda aurensa ke tangal-tangal, ko ake kora daga aiki zuwa aiki duk da ƙwarewarsa, ko wadda ta kai shekara talatin tana tambayar kanta me ya sa komai ke yi mata wuya, sanin sunan abin yana sauke musu laifin da suka daɗe suna ɗora wa kansu.

Mai niyyar zuwa ya tafi da wanda ya san ƙuruciyarsa, uwa ko yaya ko gwaggon da ta goya shi, domin tambayoyin likita can za su koma: yaushe ya fara magana, yana shiga wasan langa da 'yar carafke da yara ko gefe yake komawa yana jera duwatsu, yana waiwayowa in an kira sunansa, me yake yi ranar aski ko kitso. Da irin wannan shaidar aka fara gane abin tun asali. Yaro na farko a jerin Kanner, Donald Triplett, mahaifinsa ne ya zauna ya rubuta wa likitan wasiƙa mai shafi 33 yana zayyana duk abin da ya lura da shi a ɗansa. Donald ya girma a ƙaramin garinsu na Forest a jihar Misisifi, inda kowa ya san halinsa kuma aka bar shi da shi. Ya yi karatu har kwaleji, ya koyi tuƙi, ya yi shekaru da dama yana aiki a bankin garin, ya zaga ƙasashe shi kaɗai. Ya rasu a 2023 yana da shekara 89.